Ƙuri'ar da Baba Ya Rantse a Kanta

Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya rantse ba. Ba ɗaukar Alƙur'ani kaɗai nake nufi ba, ko wallahin nan da muke barbaɗawa a magana kamar gishiri ba ta fita daga bakinsa. Kayan shayi yake sayarwa a ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa, citta da kanumfari da masoro da girfa, yana ƙunsa su a 'yan takardu. Idan mai saye ya ce, "Alhaji, rantse cittar nan sabuwa ce," sai Baba ya karɓe ƙunshinsa ya mayar cikin tire ya ce, "Ƙara gaba, akwai masu rantsuwa." Duk unguwa an san shi da wannan. Mu 'ya'yansa kuwa babu wanda ya gado shi, musamman ni. Ni kafin in karya kumallo na yi wallahi tallahi sun fi a ƙirga, ga saurin fushi, ga baki. Yakan dube ni ya girgiza kai ya ce, "Uwata, wanda ya yarda da ke ba ya bukatar wannan, wanda bai yarda ba kuma ba za ta ishe shi ba." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Amininsa guda ɗaya ne a duniya, wani tsohon direban motar haya da muke kira Baffa. Tun ba a haife mu ba suke tare. Baba Bakano ne, Baffa Bazazzage, to kun san wasan da ke tsakanin waɗannan biyun. Kullum da hantsi, tun daga kan kwana za ka ji muryar Baffa: "Ina bawan nan nawa, Bakanon da ke sayar wa mutane ƙasa da sunan citta?" Baba ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Ga shi nan ya zo shan shayin banza, Bazazzagen da bai taɓa sanin farashin sukari ba." Sai su zauna a benci ɗaya, tukunyar shayi na kan gawayi, su yi ta cin mutuncin juna har a kira azahar. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu ma, da aka dawo daga maƙabarta, Baffa ya zauna kusa da shi yana hawaye ya ce, "Ta gaji da zama da Bakano ne, baiwar Allah." A ranar, wannan ce kaɗai maganar da ta sa Baba murmushi.

Abin da ya jefa Baffa siyasa lambatu ne. Akwai wani babban lambatu da ya ratsa bayan layinmu, ya toshe ya rufta, duk damina ruwansa sai ya shigo mana har ƙarƙashin gado. An yi koke an gaji. Da zaɓen kansiloli ya matso, mutanen masallaci suka taru suka ce Baffa ya fito, tun da shi ba ya tsoron kowa kuma bakinsa ba ya mutuwa. Manyan jam'iyyu suna da nasu mutanen, saboda haka wata 'yar ƙarama ce ta ba shi takara, mai alamar buta. Wayyo, Baba ya samu abin yi. "Dama aikin bawa ke nan," in ji shi, "ɗaukar wa ubangidansa buta." Amma shi ne ya manna hoton Baffa a jikin tirensa, kuma duk wanda ya sayi kanumfari sai an nuna masa butar.

Ana gobe zaɓe na taho daga Rigasa, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare, saboda katin zaɓena na unguwarmu ne kuma ranar zaɓe ba a zirga-zirga. Ina tsaye a bakin zaure Baffa ya zo da 'yan rakiyarsa. Suka taɓa wasansu kamar kullum, sai na ga ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta canza, ya ce, "Bakano, ban da wasa, zan samu taka?" Baba ya ce, "Ka samu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Baffa ya juya wurin mutane yana dariya ya ce, "To jama'a, guda ɗaya dai ta tabbata. Sauranku masu rantse-rantse sai na gani a akwati."

Ranar zaɓe tun da sassafe muka yi layi a filin makarantar firamare, maza gefe, mata gefe. Rana ta ɗaga, ba malaman zaɓe, ba akwati. Aka ce suna hanya. Aka ce motarsu ta lalace. Aka ce a'a, kayan ne ba a raba ba. Masu goyo suka fara zamewa, tsofaffi suka koma inuwa, aka yi azahar aka dawo, shiru. Baba yana kan wani benci da aka fito masa da shi daga aji, na ce ya je gida ya huta in kira shi, ya ce shi ya yi wa mutum alkawari. Sai dab da la'asar wata mota ta sauke mutum uku da akwati da tebur, aka kafa kwali a gefe don a kare mai dangwalawa, aka ce tsofaffi su fara, namiji ɗaya mace ɗaya. Da yake ni nake riƙe da Baba, aka bar ni na tsaya a bayansa.

Ya shiga bayan kwalin ya ɗan jima. Da ya fito sai na ga yana naɗe takardar, kuma wallahi dariya ta kama ni. Yadda yake ƙunsa kanumfari haka ya yi mata: ya kama kusurwa ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa, ya cusa baki a ciki, ya danne da babban yatsa har ta koma ɗan mitsitsin ƙunshi. Hannun da ya shekara arba'in yana aiki ɗaya ai ba ya tambayar mai shi. Malamin zaɓe yana kallo Baba ya jefa a akwati. Ni ma na shiga na nemi buta, na dangwala, na ninka sau ɗaya na jefa.

Layi bai yi rabi ba hadari ya taso daga gabas. Ana cikin haka wata mota ta shigo filin, wasu mutane suka fito suka ce saboda ruwa ba za a ƙirga a nan ba, za a kai akwati cibiyar tattara sakamako. Wace cibiya? Wa ya aiko ku? Hayaniya ta kaure, wasu samari da ban san su a unguwar ba suka shiga tsakani suna ture mutane, wani ya yi ihu wai an zo da makami, mata muka watse. Ni dai na rungumo Baba muka raɓe a barandar aji. Kafin in waiga akwati ya shige bayan mota. Wanzamin layinmu, wanda shi ne wakilin Baffa a rumfar, ya bi su a babur cikin ruwa, ya dawo a jiƙe ya ce an tare shi a ƙofar cibiyar. Har yau idan aka ce in faɗi abin da ya faru a filin nan, sai in rasa ta inda zan fara, don ban ga makami ba, ban ga wanda ya ɗauki akwatin ba, kuma mutum biyar za su ba ka labari iri biyar.

Washegari aka manna sakamakon rumfarmu a bangon makaranta. Na je da kaina. Mutumin babbar jam'iyya ya kwashe kusan duka, kuma adadin da aka rubuta ya fi mutanen da na gani a layi nesa ba kusa ba. Na bi da yatsa har kan buta. Sifili. Na goge idona na sake dubawa, na ce ko layin ne ya karkace. Sifili ne, zagayayye, an ma ja masa layi a ƙasa. Na dawo gida ina bambami tun daga titi, Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba daidai kika duba ba. Akwai guda ɗaya." Na ce, "Baba, ai biyu ne ma, da tawa." Ya sa takalmi ya tafi da kansa, ya sa wani ya karanta masa. Da ya dawo bai hura gawayi ba.

Baffa bai zo ba ranar, bai zo washegari ba. Muka ce baƙin ciki ne, a bar shi ya huce. Shari'a kuwa, ina shi ina lauya? Bayan kamar mako guda ya biyo ta layinmu za shi wani wuri. Baba ya hango shi, fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya: "Kai Bazazzage, butar ta fashe ne ka ɓuya?" Baffa ya tsaya, ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da hantsi, Alhaji. Ina gajiya? Ya iyali?" Ya jira aka amsa, ya ce a gai da gida, ya wuce. Matar yayana da ke zaune a gidan ce ta ba ni labari, ta ce Baba ya daɗe riƙe da ludayin shayi a hannu bai san yana riƙe da shi ba. Mutumin da ya kira ka bawa shekara da shekaru, ranar da ya ce maka Alhaji ai ya gama da kai.

A nan ne yayana ya shigo da nasa bayanin. Shi yana bin waɗanda suka ci, suna ce masa shugaban matasa ko da yake furfura ta cika masa gemu. Ba mugu ba ne, sai dai duk abin da mutanensa suka yi yana da dalilinsa a aljihu. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar yana cewa, "Baba, a daina cewa sata. Kowa ya ga yadda ka naɗe takardar nan. Tawada ba ta bushe ba ka lanƙwasa ta, ka kuma danne da yatsan da ka dangwala. Da tawada ta taɓa wani gidan, shi ke nan ƙuri'a ta lalace, doka ce." Na ce, "To tawa fa, sarkin bayani? Ni sau ɗaya na ninka." Ya ce, "Ke da kika sha lalle har wuyan hannu saboda biki? Yatsa mai lalle ai ba ya kama tawada sosai." Na ce, "Wanzami fa? Shi ma lallen ya sa?" Ya ce wanzami an san inda ya kwana da maganar, an ga wanda ya kira shi gefe. Na zage shi tas, har Baba ya tsawatar mini. Amma da na juya sai na ga Baba ba mu yake kallo ba, babban yatsansa yake kallo.

Abin haushin shi ne maganar ta shige ni ni ma. Na san ƙarya ce, na ga akwati ya tafi, na ga adadin da ba zai yiwu ba. Amma ina tsaye gaban allo ina koyar da yara sai in ji tambaya ta faɗo mini: anya butar na dangwala? Akwai wata alama kusa da ita, ita ma da hannu a gefe. Ga hadari ya rufe wuri, ga ana tura ni daga baya. Sai in ce kai, a'a, buta ce. Sai in ce to idan buta ce ina take? Na rasa wanda zan yi fushi da shi, masu mota ne, ko yayana, ko wanzami, ko lallen da na sa. A unguwa ma haka abin ya zama. Mutanen da suka taru a masallaci suka tsayar da Baffa suka koma kallon juna ta gefen ido. Kowa ya ce shi dai ya zaɓe shi, kowa kuma yana da wanda yake zargi.

Sabon kansila kuwa babu wanda ya san fuskarsa sai a hoto. Aka ce a Unguwar Rimi yake zaune, gida mai doguwar katanga. Da ruwa ya sake shigo mana, dattawa suka yi shiri za su je wurinsa, sai aka rasa mai shiga gaba. Wani ya ce da wane baki za mu roƙe shi, mu da ba mu zaɓe shi ba? Wani ya ce ai takarda ta ce mu muka zaɓe shi, gaba ɗayanmu har da ƙari. Suka dai je, mai gadi ya ce ba ya nan. Ni a ganina shi ya fi kowa sanin ba mu ba ne, shi ya sa ba ya jin kunyarmu. Aka dawo aka ci gaba da kwashe ruwa da bokiti, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar lambatu a masallaci.

Baba duk wannan bai dame shi ba kamar gaisuwar Baffa. Kullum sai Baffa ya biyo, kullum sai ya rusuna, "Barka da hantsi, Alhaji," ya wuce. Baba ya gwada komai. Ya kira shi bawa, ya aika masa da ƙunshin girfa, ya ce a gaya masa Zagezagi ba su iya fushi ba sai kumbura. Saƙo ya dawo cewa an gode, Allah ya ƙara buɗi. Baba ya rame, abinci sai an yi da gaske. Wata Asabar ina gidan, da hantsi, ba lokacin salla ba, na ga ya yi alwala, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko Alƙur'aninsa a cikin gafaka. Na ce, "Baba, ina za ka?" Ya ce, "Sa mayafinki, Uwata. Ke ce a bayana a layi."

Muka taka har gidan Baffa, ba nisa, amma ranar na ji tsawon hanyar. Muka same shi a zaure kan tabarma yana jin rediyo. Da ya ga abin da ke hannun Baba sai ya miƙe tsaye ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, ajiye. Ba sai ka yi ba." Baba bai saurare shi ba. Ya buɗe gafaka, ya ɗora hannunsa na dama a kai ya ce, "Wallahi, billahi, tallahi, na zaɓe ka." Ni da rantsuwa ba ta yi mini nauyi, sai da na ji nauyin wannan. Na zuba wa Baffa ido ina jira ya fashe da dariya ya ce, yau ga Bakano ya rantse, duniya ta zo ƙarshe.

Bai yi dariya ba. Ya kashe rediyo, ya koma ya zauna ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Sai ya dube ni ya ce, "'Yata, kada ki yi mini wannan kallon. Tun da aka yi abin nan babu ranar da wani bai shigo zauren nan ya rantse mini ba. Wanzami ya rantse, ladan ya rantse, har wanda na gani da idona yana rawa a gidan wancan da ya ci ya zo ya rantse. Da rantsuwa ake ƙirgawa da gwamna nake. A rumfar ƙofar gidana ma abin da aka ba ni bai kai yawan mutanen gidan nan ba, ina cin tuwo ina kallon 'ya'yana ina tunanin wanne ne a cikinsu. Na san an yi sata, ba yaro ba ne ni. Amma an yi sata, an kuma sayar da ni, an zuba su a akwati ɗaya an tafi da shi, ta yaya zan rarrabe? Da sun bar mini ko guda ɗaya a rumfarku, da na ce ta Bakano ce, in kwanta in yi barci." Wannan ne karo na ƙarshe da na ji kalmar Bakano a bakinsa, kuma ba da Baba yake magana ba, da ni yake. Muka tashi, ya rako mu har ƙofa kamar baƙi.

Na ɗauka an gama, abin da zai ɓaci ya ɓaci. Ashe da saura. Rantsuwar ta tsaya wa Baba a rai. Ya je wurin liman ya ce, idan mutum ya rantse ya zaɓi wani, alhali mai yiwuwa tawada ta ɓata takardar, ko idonsa ya kai yatsansa wani gidan, mene ne hukuncinsa? Liman ya ce babu komai a kansa, wanda ya rantse a kan abin da yake ganin gaskiya ne ba shi da laifi. Baba ya yi godiya ya dawo, amma bai natsu ba. Ya ce wa matar yayana shi fa ranar yana ganin gaskiya ne, yanzu kuwa bai san abin da yake gani ba, kuma ba zai je gaban Allah da rantsuwa guda ɗaya tak a rayuwarsa ba, ita ma da kokwanto a kanta. Sai ya ɗauki azumin kaffara.

To mai sayar da kayan shayi, wanda tukunyarsa ba ta sauka daga wuta, ya wayi gari ranar Talata ba shayi. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ba tsakiyar wata ba. Wanzami ya zo neman kofi guda ya tambaya, "Alhaji, lafiya? Azumin me?" Da ni ce sai in ce nafila ce, a wuce wurin. Baba ba ya ƙarya. Ya ce, "Kaffara nake yi." "Kaffarar me?" "Rantsuwa." Jama'a, mutumin da duk Unguwar Kanawa ta san sau ɗaya ya taɓa rantsuwa, kuma an san a kan me! Kafin azahar labari ya zagaye layi uku. Matar yayana ta kira ni a waya tana kuka, na bar makaranta na tari keke mai ƙafa uku, tun daga Rigasa nake faɗa ni kaɗai har direban ya riƙa waiwayowa.

Na iso na tarar da shi a kan benci yana ƙunsa masoro kamar ba abin da ya faru. Na ce, "Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Yanzu kowa cewa zai yi ƙarya ka rantse!" Ya dube ni da mamaki na gaske, don wallahi bai kawo wannan a ransa ba. Ya ce, "Ai ba haka ba ne." Na ce, "Ni na san ba haka ba ne, su fa?" Ya buɗe baki zai yi magana, sai muka hango Baffa ya karyo kwana, bayan la'asar, da 'yar leda a hannu.

Wannan karon bai wuce ba. Ya zauna a bencin, a wurinsa na dā, ya ajiye ledar dabino a tsakaninsu. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Na ji labari, Alhaji. Na zo in ce maka ka fi su. Duk wanda ya rantse mini ya tafi ya ci tuwonsa, kai kaɗai ka ji tsoron Allah. Ban san me suka yi maka ba, ko ɗanka ne ya matsa maka, ba na ma son in sani. Na yafe maka duniya da lahira. Ga wannan ka buɗe baki." Na daka tsalle na ce, "Baffa, wallahi tallahi ba haka ba ne, tsaya ka ji!" Ya yi mini wani murmushi mai ciwo ya ce, "Ke ma kin rantse, 'yata. Na gode." Na juya wurin Baba ina jira ya yi bayani, ya faɗi maganar tawada, ya faɗi abin da liman ya ce. Sai ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Ya dubi amininsa ya ce, "Na gode, Alhaji." Baffa ya dafa kafaɗarsa ya tashi ya tafi, kuma daga tafiyarsa ka san ya sauke wani kaya.

Na zauna inda ya tashi ina kuka don haushi. Na ce, "Baba, me ya sa? An yafe maka laifin da ba ka yi ba, ka kuma ce ka gode?" Ya ce, "In ce masa me, Uwata? Na faɗa da baki bai isa ba, na rantse bai isa ba. Me ya rage? Shi yanzu ya samu abin da zai riƙe, yau zai yi barci." Ya juya babban yatsansa yana dubawa, tawadar ta daɗe da gogewa, sai kalar citta. Ya ce a hankali, "Ke da kike bayana, kin ga inda na sa shi?"

Kwali ne a tsakaninmu ranar, bayansa kawai na gani. Kalmar wallahi tana kan harshena, ita da ba ta taɓa yi mini wuyar fita ba, kuma na san da na faɗe ta zai so ya yarda. Amma shi ne ke tambayata, sai ta ƙi fitowa. Na ce, "Ban gani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Aka kira magariba, ya buɗe baki da ruwa, ledar dabino tana nan a kan benci ba a kwance ta ba. Da zai shiga masallaci ya waiwayo ya ce, "Ki ce wa matar yayanki ta ajiye mini abin sahur. Ban gama ba."